HARSASHIN GIWA DA ƁAUNA: WANNE NE MAFI GIRMA DA AKE SAMU A KANTI?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu cewa su karatu ya fi shigar su.

Na san da yawanku kun taɓa cin karo da irin bidiyon nan da za ka ga ƙaton mutum ya ɗauki wata bindiga ya saita, yana danna kunama sai ka ga bindigar ta yi sama shi kuma ya yi baya ya zauna daɓas, abokansa suna ta dariya. Galibi a ƙasan bidiyon za a rubuta cewa wai bindigar harbin giwa ce. To yau ita za mu tattauna a kai, amma ta ɓangaren harsashi. A cikin harsasan da kamfanoni ke ƙerawa don farautar manyan namun daji, waɗanda mai lasisi a Amurka ko Turai ko Afirka ta Kudu zai shiga kanti ya saya a kwali, wanne ne ƙarshe a girma? Kuma me ya sa aka tsaya a nan?

Tun kafin wani ya tambaye ni inda ake sayarwa, bari in faɗa: a Najeriya riƙe bindiga babu lasisi laifi ne babba, giwayen da suka rage mana irin na Yankari kuma doka ta hana taɓa su. Wannan hira ce ta ilimi da tarihi.

Bari mu fara da lambobin nan da ke rikita mutane. In ka ji an ce .375 ko .458, faɗin kan harsashin ake nufi da ma'aunin inci. Wato .375 ya kai milimita 9.5, .458 kuma milimita 11.6. Abin da muke kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne: akwai kwanso na tagulla, akwai albarushi a cikinsa, akwai ɗan maɓallin da ke gindi wanda ke tada wutar, sannan kan harsashin, shi ne kaɗai ke fita ya tafi. Ƙarfin bugunsa kuwa ana auna shi da wani ma'auni da ake kira jul, wanda ke haɗa nauyin kan da gudunsa. Don ku samu abin kwatance, harsashin AK-47 da kowa ya san sunansa, kansa giram 8 ne, ƙarfinsa kuma wajen jul 2,000. Ku riƙe wannan lambar, za mu yi ta komawa kanta.

To me ya sa ake buƙatar abin da ya ninka wannan sau uku ko sau biyar? Saboda dabbar da ake fuskanta. Toron giwa yana kai tan shida, kuma ƙwaƙwalwarsa tana can ciki, bayan wani ƙashi mai kauri mai ramuka kamar saƙar zuma. Ɓaunar kudancin Afirka, babban namiji yana kai kilo 800, ƙahonsa sun haɗe a goshi sun zama kamar kwalkwali. Idan aka ji mata rauni ba ta mutu ba, takan shige duhuwa ta laɓe, mai bin jini yana matsowa sai ta fito masa. Gudunta yana kai kilomita 50 a awa. Ku lissafa: daga mita ashirin, daƙiƙa ɗaya da rabi ke gare ka. A wannan lokacin ba harsashin da zai kashe ta bayan minti biyu kake nema ba, wanda zai ratsa ƙashi ya zube ta nan take kake nema. Duk wannan sana'ar ta manyan harsasai, a kan wannan daƙiƙa ɗaya da rabin aka gina ta.

A ƙarni na 19, Turawan da ke bin hauren giwa da irin adakar maharbanmu suke aiki, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, sai dai tasu ta fi girma nesa ba kusa ba. Akwai wadda dunƙulen dalmarta ɗaya ya kai giram 113, wato guda huɗu su ne laba guda. Frederick Selous, Baturen Ingila da ya yi suna a farauta a yankin da yanzu yake Zimbabwe, ya yi aiki da irinta yana matashi, kuma daga baya ya rubuta cewa shurin da take yi masa ya lalata masa nutsuwar harbi har ya yi nadamar taɓa ta. Ga hayaƙi kuma. Ka harba, hayaƙi ya rufe ka, ba ka san ko giwar ta faɗi ko tana tahowa ba.

Abin da ya sauya komai shi ne sabon albarushi marar hayaƙi da ake kira kodayit, wanda yake zuwa dogo-dogo kamar taliya. A 1898 kamfanin John Rigby ya fito da .450 Nitro Express, kan harsashi giram 31 mai gudun mita 655 a daƙiƙa. Har gobe, in aka ce harsashin tsayar da giwa, kusan wannan lissafin ake nufi: giram talatin da ɗoriya, gudun mita 650 zuwa 700. Sauran duk ƙari ne ko ragi a kansa.

Ga wani abin tarihi da ya ba ni mamaki. A 1907 hukumomin Ingila suka hana shigar da harsashi mai faɗin .450 ƙasashen Indiya da Sudan. Dalili? Tsohuwar bindigar sojansu, Martini-Henry, faɗin bakinta ke nan, kuma da yawa sun faɗa hannun mutanen da ke yaƙar mulkin mallaka. Suna tsoron kada a riƙa cire kan harsashin farauta ana ɗura wa waɗancan. Sai maƙeran bindiga na Landan kowa ya ruga ya ƙirƙiro nasa faɗin da ya ɗan ɗara .450. A cikinsu wanda ya yi nasara shi ne .470 Nitro Express na kamfanin Joseph Lang. Kun ga ke nan, harsashin da ya fi kowanne suna a bindiga mai baki biyu, tsoron 'yan tawaye ne ya haife shi.

Yanzu mu hau tsanin daga ƙasa.

Matakin farko shi ne .375 H&H Magnum, wanda Holland & Holland na Landan suka fitar a 1912. Kansa giram 19, gudunsa wajen mita 770, ƙarfinsa kusan jul 5,800. A ƙasashe da dama da ake farautar dabbobi masu haɗari, nan ne doka ta sa iyaka ta ƙasa. Zimbabwe misali, don giwa da ɓauna da dorina, tana buƙatar faɗin da bai gaza milimita 9.2 ba da ƙarfin jul 5,300. A wannan duniyar .375 shi ne ƙaramin yaro, amma fa ya kusa ninka AK sau uku. Kuma shi ne aka fi samu a ko'ina, daga Alaska inda ake harbin manyan beyar da shi har zuwa ƙaramin kanti a Namibiya.

Sai dangin .416. Babbansu .416 Rigby na 1911, kai giram 26, ƙarfi wajen jul 6,900. In ka ga kwansonsa za ka ce ai wannan ya yi wa aikin yawa, kuma da gangan aka yi shi haka. Shi kodayit ba ya son zafi, rana tana dukansa sai matsin da yake bayarwa ya haura, kwanso ya maƙale a cikin bindiga ya ƙi fita. Mu da muka san zafin watan Afrilu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sai Rigby suka yi kwanso mai faɗin ciki don matsin ya zauna ƙasa ko da rana ta take. Wannan harsashin ya kusa ɓacewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanin Kynoch da ke ƙera yawancin harsasan Ingila ya daina yin su. Abin da ya riƙe sunansa a bakin mutane har da littafin Robert Ruark na 1953, Horn of the Hunter, inda jagoran farautarsa Harry Selby yake riƙe da irinta. A ƙarshen shekarun 1980 aka dawo da shi kasuwa, Remington ma suka fitar da nasu .416 ɗin a 1988.

To a nan ne labarin da na fi so ya shigo.

Da harsasan Ingila suka yi wuya, sai Amurkawa suka ga kasuwa. A 1956 Winchester suka fitar da .458 Winchester Magnum. Alƙawarin da suka yi shi ne, ga ƙarfin .470 ɗin nan, kai giram 32 a gudun mita 655, amma a bindiga mai araha wadda ma'aikacin gandun daji zai iya riƙewa. Ya karɓu sosai, hukumomin kula da namun daji a Afirka suka rungume shi. Sai dai akwai matsala. Kwanson gajere ne, milimita 63.5 kacal, don haka sai an danna albarushin an matse shi kafin ya shiga. Irin albarushin da suka yi amfani da shi a lokacin kuwa, in ya daɗe a matse cikin zafi sai ya dunƙule ya ƙi ci gaba ɗaya. Sai a harba, gudun ya faɗo ƙasa da abin da aka rubuta a kwali, wani lokacin ƙasa sosai. Ka tuna daƙiƙa ɗaya da rabin nan. Mutum ya dogara da abin da ke rubuce, ashe abin da ke cikin bindigar daban.

A 1959 wani Ba'amurke mai suna Jack Lott yana farauta a Mozambik da wannan harsashin, ɓauna ta kai masa hari ta ji masa munanan raunuka. Allah ya yi da sauran kwanansa. Shi dai a kan harsashin ya ɗora laifin, kuma bai bar maganar ba. A 1971 ya fito da nasa gyaran, kuma gyaran ba wani abin mamaki ba ne: ya ƙara tsawon kwanson zuwa milimita 71, don albarushi ya samu wurin zama ba tare da an matse shi ba. Shi ke nan. Kai ɗaya, faɗi ɗaya, amma gudu ya koma mita 700, ƙarfi kusan jul 8,000. Wani daɗin kuma, bindigar da aka yi don .458 Lott tana cin .458 Winchester, don haka in naka ya ƙare a daji za ka iya samun na aro. Ya yi shekaru a hannun masu ɗura harsashi da kansu a gida, kafin daga baya kamfanoni irin su Hornady da Federal su fara yin sa, Ruger da CZ kuma suka ƙera masa bindigogi. Don adalci, albarushin zamani ya magance waccan matsalar ta .458 Winchester, har yanzu ana aiki da shi lafiya lau.

Ni a ganina, in ana maganar babban harsashi wanda da gaske ake samunsa ba tare da wahala ba, a bindiga mai ɗaukar harsashi uku zuwa biyar wadda kuɗinta bai fi ƙarfin mai aiki ba, to .458 Lott ne ƙarshen hanya. Abin da ke sama da shi akwai, amma kowanne da sharaɗinsa.

Na farko a saman shi ne .460 Weatherby Magnum. Roy Weatherby mutumin Kalifoniya ne da ya yi imani da gudu, a wurinsa in harsashi ya fi sauri to ya fi kisa. A 1958 ya ɗauki ƙaton kwansonsa na .378 ya buɗe bakinsa ya sa masa kan .458. Wato kai ɗaya ne da na Winchester da na Lott, giram 32, amma yana fita da gudun mita 790. Ƙarfinsa ya haura jul 10,000, AK sau biyar ke nan a harbi ɗaya. Shekaru kusan talatin shi ne ake kira harsashin farauta mafi ƙarfi da ake sayarwa a kasuwa, kuma har yau kamfanin Weatherby yana yin sa. Saboda haka in tambayarka ita ce wanne ya fi ƙarfi a cikin na kwali, amsar da aka fi bayarwa ke nan.

Amma fa duk abin da ya fita ta gaba, akwai rabonka ta baya. Shurin da .460 ke yi wa kafaɗa ya kai kusan ninki biyar na bindigar farautar barewa irin .30-06, alhali .375 wajen ninki biyu ne. Shi ya sa ake yi wa bakin bindigar wasu ƙofofi da ke fitar da iska gefe don rage shurin. Su kuma ƙofofin sai su mayar da ƙarar gefe, kan masu bin sawu da jagoran da ke tsaye kusa da kai, abin da ke iya lalata musu ji. Babbar illar ma ba ciwon kafaɗa ba ce. Jiki yana da wayo. In bindiga ta doke ka sau biyar, a na shida tun kafin ka danna kunama za ka runtse ido ka noƙe, bakin bindiga ya kauce. Jagororin farauta a Afirka sun daɗe suna kuka da baƙin da ke zuwa da bindigar da suke tsoro. Baƙo ya harbi ɓauna a ciki maimakon kafaɗa, ta shige duhuwa da rauni, sannan a bar jagora da masu bin sawu, waɗanda galibi 'yan ƙauyen wurin ne kuma ba su riƙe da komai, su shiga nemanta. Wanda ya sayi babbar bindigar don burga ba shi ne ke gaba a wannan tafiyar ba.

Ɗaya ɓangaren kuma su ne bindigogi masu baki biyu. A nan .470 Nitro Express da .500 Nitro Express ne ake samu a kwali, Hornady da Federal da Norma duk suna yin su. Shi .500 kansa giram 37 ne, faɗinsa milimita 13, ƙarfinsa kusan ɗaya da na Lott. Me ya sa mutum zai zaɓi harbi biyu kacal alhali ga mai biyar? Saboda baki biyu kamar bindiga biyu ce a jiki ɗaya, kowanne baki da kunamarsa. Ka harba na farko, na biyu yana nan a shirye ba sai ka ja komai ba, in ɗaya ya ƙi tashi ɗayan zai tashi. Matsalarta kuɗi. Sai maƙeri ya zauna yana harbawa yana gyara haɗin bakunan biyu har su riƙa bugun wuri ɗaya, kuma da nauyin harsashi iri ɗaya tak za su yi hakan. Shi ya sa mai araha a cikinsu ma dubban daloli ce, ta manyan maƙeran Landan kuwa kuɗin gida ce.

Akwai kuma .505 Gibbs na 1911 da .500 Jeffery, manya ne masu faɗin rabin inci. Norma na ƙasar Suwidin yana yin su, amma ba kowane kanti ba. Masu karatun adabin Turanci za su tuna .505 Gibbs a hannun jagoran farauta a gajeren labarin Hemingway na Francis Macomber.

Daga nan sai waɗanda suna ya fi aiki yawa. .577 Nitro Express, kai giram 49. .600 Nitro Express na kamfanin Jeffery, giram 58, wanda bindigarsa ke kai kilo bakwai, har maharban da ke da ita sukan ba wani ya riƙe musu sai lokacin buƙata. Sai kuma .700 Nitro Express, wanda labarin haihuwarsa abin dariya ne. Holland & Holland sun sayar da wata .600 da alƙawarin cewa ita ce ta ƙarshe da za su ƙera. Sai wani Ba'amurke mai kuɗi, William Feldstein, ya zo yana son a yi masa, suka ce alƙawari ya hana. Sai shi da Jim Bell suka tsara wanda ya fi shi girma, aka ƙera a 1988. Kai giram 65, faɗi kusan milimita 18, ƙarfi wajen jul 12,000, harsashi ɗaya kuma yana kai dala ɗari. Wannan ba kayan kanti ba ne, sai an yi oda. Ba wata giwa ce ta gagari .600 aka yi shi ba, mai kuɗi ne aka ce wa a'a.

Na san wani zai ce, to ina .50 BMG? E, ya fi su duka, ƙarfinsa yana kai jul 18,000, kuma a Amurka ana samunsa. Amma John Browning don bindiga mai jigida ta soja ya tsara shi, bindigoginsa sukan haura kilo goma sha biyu, a kwance ake harba su. Babu mai yawo da ita kilomita ashirin a rana yana bin sawun giwa, balle ya ɗaga ta cikin daƙiƙa ɗaya.

Wani abin da lambobin nan ba sa nunawa shi ne irin kan harsashin. Akwai mai taushin baki wanda ke buɗewa kamar lema in ya shiga nama, shi ake yi wa zaki da harbin farko na ɓauna. Akwai kuma daskararre wanda ba ya buɗewa ko kaɗan, aikinsa ya ratsa ƙashi ya tafi a miƙe, shi ake yi wa giwa. A nan ma gudu mai yawa yana iya zama illa, don a shekarun baya kawunan da ake da su sukan lanƙwashe ko su tarwatse in suka daki ƙashi da irin gudun .460. Sai da aka fara yin kawuna na tagulla zalla abin ya daidaita.

Sannan ga W.D.M. Bell, mutumin Sikotlan da ake wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Karamoja na Yuganda inda ya yi farauta a farkon ƙarni na 20. Ya kashe giwaye sama da dubu, kuma wajen 800 daga ciki da .275 Rigby ya harbe su, ɗan harsashi mai faɗin milimita 7 da kai giram 11, wanda yau doka ba za ta bari a tunkari giwa da shi ba. Yadda ya yi shi ne ya riƙa tsaga ƙoƙon kan giwayen da ya kashe yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa. Ba ina yabon adadin ba ne, irin wannan kisan na neman haure yana cikin abin da ya ƙarar da giwaye a wurare da yawa, kuma zamanin ya wuce. Kenya ta haramta farautar manyan namun daji a 1977, aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989. Inda ake yi yanzu, irin su Tanzaniya, Zimbabwe, Namibiya, Mozambik da Botswana wadda ta ɗage nata haramcin a 2019, da lasisi ne da ƙayyadadden adadi, kuma ana ta muhawara mai zafi a kan ko ya dace a ci gaba.

Yau da yawa daga masu riƙe waɗannan bindigogin a Afirka ma ba mafarauta ba ne. Ma'aikatan gandun daji ne da ake kira in giwa ta addabi gonaki ko dorina ta kashe masunta, da kuma jagororin da ke zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a ƙafa. In ka duba kafaɗarsu, abin da za ka fi gani .375 ne ko ɗaya daga cikin .458 ɗin nan biyu, kuma kafin a ba jagora lasisi a Zimbabwe sai ya ci jarrabawar harbi da irin wannan bindigar, ana auna saurinsa da saitinsa.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.